Karatun da Na Ɗauka a Tsaye Wurin Mai Gadi

Godiya ta tabbata ga Allah da ya tsawaita mini kwana har na zauna gaban malamai masu yawa, ya kuma ƙaddara na ƙarshensu ya zama mutumin da ban taɓa zaton zan karɓi harafi ɗaya daga bakinsa ba.

Na haura shekara sittin lokacin da aka neme ni in koyar da Larabci a wata ƙaramar makarantar sakandare da ke gefen Zuru, ta wajen Rikoto. Wani ɗan garin ne ya kafa ta bayan ya bar aikin ofishin jakadanci, da nufin yaranmu su san harsunan duniya da yadda ƙasashe ke hulɗa da juna. Ajujuwa shida ne kacal, da ɗakin karatu guda, da babban mangwaro a tsakar fili. Bayan Turanci, kowane ɗalibi yakan zaɓi Faransanci ko Larabci, kuma mafi yawa Faransanci suke ɗauka. Ni ɗalibai goma sha ɗaya aka ba ni. Akwai 'ya'yan cikin gari, akwai wani ɗan Fulani daga Sakaba, akwai kuma 'ya'yan sojoji da na manoman kan tudu, Kiristoci, waɗanda iyayensu suka ji cewa harshen yana amfanar mai neman aiki a waje.

A zaure na tashi. Na karanta fiƙihu da nahawu da lugga da tsofaffin waƙoƙin Larabawa, littafi bayan littafi, malami yana fassara kalma-kalma, ni ina bi. Da wannan hanya na shiga aji, kuma yaran suka yi ƙoƙari ƙwarai. Kafin shekara ta raba, suna iya karanta shafi ba tuntuɓe, su rarrabe jimla su faɗi matsayin kowace kalma. Na ɗauka amanar da aka ba ni tana cika.

Wata Talata a farkon damina, shugabar makarantar ta shigo ajina da baƙo, wani likita mutumin Sudan da ke aiki a garin. Ya yi sallama, ya dubi yaran da fara'a, ya tambaye su da Larabci abin da suka karya kumallo da shi. Yaran suka riƙa kallon juna. Ya tambayi wata yarinya inda gidansu yake, ta dube ni. Ni kaina sai da ya maimaita sau biyu kafin na kama zancen, domin maganarsa tana gudu, kuma ba a shirye take kamar ta littafi ba. Na ba shi amsa a madadinsu, da jimloli cikakku. Ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "Ya Shehi, maganarka tana da kyau kamar huɗubar Juma'a." Na gane yabo ne mai ɗauke da labari.

Na raka shi zuwa ƙofa. A nan mai gadinmu yake, tsohon soja, mutumin kan tudu, Kirista, wanda kowa ke kira Saje. Shekara guda muna gaisawa safe da rana, ban san kome game da shi ba sai cewa yana shuka kuɓewa da gyaɗa a jikin katanga. Da ya ji daga inda likitan ya fito, sai ya jefa masa wata magana da Larabci. Likitan ya tsaya cak, ya fashe da dariya, ya kama hannunsa. Suka yi ta zuba wajen kwatan awa, kan shayi da wake da zafin rana, ni kuma ina tsaye ina tsintar kalma ɗaya cikin uku. Daga baya na ji cewa Saje ya yi shekaru a can yana aikin kiyaye zaman lafiya.

Washegari shugabar ta kira ni ofis. Mace ce mai natsuwa, ba ta kewaye-kewaye.

"Baba, iyayen yara biyar sun zo," in ji ta. "Suna so a mayar da 'ya'yansu ajin Faransanci. Sun ce na can suna hira da 'yan Nijar a kasuwa, naka kuwa ba su iya neman ruwan sha ba. Ka san ƙa'idarmu, ajin da ya gaza ɗalibai takwas rufe shi ake yi. Na roƙe su su dakata zuwa ƙarshen zango. Likita ya yarda zai dawo, iyayen kuma za su zauna su ji da kunnensu."

Na ce mata gaskiya suka faɗa, kuma laifin ba na yaran ba ne. Mutum ba ya ba da abin da ba shi da shi.

A tarbiyyar da aka yi mana, ɗalibi ne ke tafiya wurin malami, ko da malamin ya girme shi ko ya girmi malamin. Yakan cire takalmi, ya zauna ƙasa da shi, sannan ya buɗe baki. Saboda haka da aka kaɗa ƙararrawar hutun ƙarfe goma, na ɗauki buzuna na nufi ƙofa. Saje yana kan bencinsa yana gyaran ƙotar fartanya. Na tuɓe takalmi, na shimfiɗa buzun a gabansa, na zauna.

Ya zabura kamar ya taka wuta. "Allah gafarta Malam, lafiya? Jiri ne?"

"Lafiya lau, Saje. Karatu na zo ɗauka."

"Karatu? Wurina? Ni da ko sunana da ƙyar nake rubutawa da baƙin Larabci?"

Na bayyana masa abin da shugaba ta faɗa, da abin da nake nema. Ya ce zai taimaka da abin da ya sani, amma sai na hau benci. Na ce ɗalibi ba ya hawa benci gaban malaminsa. Sai ya sauko ya zauna dirshan a ƙasa, kan tsakuwa.

"To ai mun daidaita, Saje. Koma bisa."

"Malam, so kake tsofaffin ƙauyenmu su ji na zauna sama ina kallon furfura a ƙasa? Ubana zai taso daga kabari da sanda. Mu a wurinmu ko giyar biki babba ake fara miƙa wa, balle wurin zama."

Na matsa zuwa inda ƙasar ta ɗan gangara wajen magudanar ruwa. Shi ma ya matsa, ya gangara fiye da ni. Haka muka yi har aka kaɗa ƙararrawar komawa aji, ba a karanta kome ba. Kwana uku muna wannan. Kowanenmu yana kare ladabin da iyayensa suka dasa masa, kwanakin zango kuma suna tafiya.

A rana ta huɗu ya tare ni tun kafin in shimfiɗa buzun.

"Malam, na yi tunani. Ni wannan yaren ban koye shi a zaune ba. A tsaye na koya, a shingen bincike, a bakin rijiya, a wurin mai shayi. Idan na zauna ma ba ya zuwa mini. Sa takalminka, mu zagaya katanga."

Abin ya yi mini nauyi, domin ban taɓa karɓar ilimi a tsaye ba, kuma a wurinmu ana ganin haka rashin girmamawa ne. Na auna sai na ga cewa manufar zama ƙasa ita ce bin umarnin malami, ga shi kuwa malamin ya ba da umarni. Na sa takalmi. Abu ɗaya na riƙe a raina: zan bi shi a baya da taki guda. Da ya lura, sai ya rage sauri don in cim masa, ni ma na rage. Muka riƙa tafiya kamar masu rakiyar gawa, yara suna leƙenmu ta tagogi suna ƙunshe dariya.

Na fito da takarda da biro, ya ce in mayar. "Wanda zai amsa maka ba zai jira biro ba. Ni ne mai shayi, kai baƙo ne, ƙishirwa ta kama ka. Yi magana."

Na fara da sallama cikakkiya, na haɗa da addu'a ga iyayensa, na shiga bayanin halin da nake ciki.

"Malam, shayi ya huce, mai shayi ya tafi gida. Kalma uku kawai. Sake!"

Na sake. Ya ce in sake. Yadda aka yi masa a filin fareti haka ya yi mini, sai dai kowace tsawa yana haɗa ta da "Allah gafarta Malam." Muka yi mai neman hanya, muka yi marar lafiya da mai ba da magani, muka yi baƙon da ya sauka gidan mutane. Wani abu da ya sanyaya mini zuciya shi ne, lokaci-lokaci sai wata kalma ta faɗo daga bakinsa, sunan guga ko igiyar rijiya ko raƙumar da ta gaji, wadda ban taɓa gamuwa da ita ba sai a baitocin da na haddace ina saurayi. Na zaci ta mutu tun ƙarnuka. Ashe tana raye a bakin mata masu ɗiban ruwa, har wani soja daga tudun Zuru ya ɗauko ta ya kawo mini.

Labari ya kai cikin gari. Wani abokin karatuna ya same ni bayan la'asar ya ce, "Yanzu kai, da abin da Allah ya ba ka, wurin mai gadi kake ɗaukar harshen Alƙur'ani?" Na ce masa abin da nake da shi ban rasa ba, abin da ba ni da shi kuma a wurinsa na same shi, kuma amanar 'ya'yan mutane ce a wuyana. Bai gamsu ba, ni ma ban ja zancen ba.

Bayan mako biyu na fara fito da yaran. Rabin darasi a aji, mu karanta mu rarrabe jimla yadda muka saba, rabi a bakin ƙofa, kowa a tsaye. Saje yana jefa tambaya, wanda ya yi jinkiri ya koma ƙarshen layi. Wata yarinya 'yar manomi daga Mahuta, wadda ba ta cika ɗaga kai a aji ba, ita ta fi kowa saurin baki a waje.

Ranar ƙarshen zango an yi ruwa da safe, dawa ta yi kore a kan tuddai. Aka jera benci ƙarƙashin mangwaro, iyaye suka zauna, likitan ya tsaya a gaba. Ya fara da ɗan Fulanin, suka shiga zancen shanu, har yaron ya gyara masa lissafin watannin cikin saniya. Yarinyar Mahuta ta amsa tambayoyinsa duka, sannan ita ma ta tambaye shi ko mahaifiyarsa tana raye, da wanda ke kula da ita tunda yana nesa. Ya amsa mata da tsawo. Uku daga cikin yaran sun daskare, ɗayansu ma ya koma Turanci a tsakiyar jimla. Sauran sun yi ta faɗuwa suna tashi, amma zance bai yanke ba.

Da aka watse, shugabar ta tsaya da iyayen nan biyar a ofis. Na jira a baranda ina jan tasbaha. Da ta fito ta ce, "Baba, biyu sun ce Faransanci dai. Uku sun bar nasu. Tara ke nan. Ajinka yana nan."

Na yi hamdala, na nufi ƙofa. Saje ya gama rufe ta bayan motar likita, yana kakkaɓe hannu.

"Nawa suka tsaya, Malam?"

"Tara."

"Biyu sun gudu daga fareti ke nan. Ba kome, kowace bataliya tana da irinsu." Ya ɗauki fartanyarsa ya dubi kuɓewar da ruwa ya kwantar. "Ukun nan da suka daskare, a sa mini su a gaban layi idan an dawo hutu. Kai ma, Allah gafarta Malam, gaisuwarka har yanzu tana da tsawo."