Sunan 'Yar Farina

Kukan jariri na jiyo daga falo, ɗan siriri, ina tsakar gida ina tsince shinkafa bayan la'asar. Na ajiye faifan na miƙe, don a lokacin babu jariri a gidanmu, autana ma ya shiga firamare. Ina ɗaga labule sai ga ƙanwata zaune a tabarma, ta ɗora kwamfutarta a kan kujera. Ashe daga ciki kukan yake fitowa.

"Ke, ɗan wa kika kulle a cikin akwati?"

"Yaya, a aji nake fa," in ji ta, tana yi min alama in rage murya.

Ƙanwar tawa nas ce a wani asibiti a Kawo. Ta fara digiri na biyu a wata jami'a mai nisa da ba ta taɓa taka ƙofarta ba. Malamai da ɗalibai ta intanet suke haɗuwa, kowa a ɗakinsa. Gidanmu na Unguwar Kanawa take zuwa ranar aji, saboda maigidana ya sa sola, su kuwa wutarsu ba ta da tabbas. Da aka tashi na tambaye ta abin da ake koya musu, ta ce lafiyar ƙwaƙwalwar jarirai. Na yi dariya har da riƙe ciki. Jaririn da bai san hannunsa nasa ba ne, wace damuwa gare shi banda yunwa da ciwon ciki?

Ta ce in zauna in gani. Ta kunna min bidiyon da aka nuna musu. Wata uwa ce take wasa da ɗanta, yana ɓangale mata baki. Can sai ta ɗaure fuska da gangan, ba fushi ba fara'a. Yaron ya yi murmushi, ba ta amsa ba. Ya miƙa hannuwa, ya yi gwalantu, ya kau da kai ya sake juyowa, sannan ya fashe da kuka. Ba a dake shi ba, ba a hana shi nono ba.

"Don Allah ce mata ta kula shi mana!" na ce. Ƙanwata ta tuntsire da dariya.

Daga ranar na zama ɗalibar bayan labule. In ta zo, sai in kawo aikina kusa da ƙofa, ina yankan alayyahu ina kasa kunne. Turancina na sakandare yana kama wani, wani ya wuce ni. Na gane dai suna cewa jariri fuskar mai renonsa yake karantawa, a nan yake fara sanin ko ana son sa. Ikon Allah ya riƙa ba ni mamaki. Har goyon maƙwabta na koma leƙawa, ina lura da inda idonsu yake bi.

Ana haka sai wani abu ya fara yi min yawo a zuciya. Babbar 'yata 'yar fari ce, kuma a gidan surukata na haife ta. A gidajenmu akwai kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya. In ta yi kuka ina cikin mutane, sai in yi kamar ban ji ba har wani ya miƙo min ita. Kowa yana yabona, ana cewa yarinyar nan akwai alkunya. Ga ta yanzu tana shirin shiga sakandare, ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake cewa, ko "'yar nan". Ƙannenta kuwa tun daga zaure ake jin sunayensu a bakina. Ita ce mai shiru a cikinsu, ba ta zuwa ta kwanta a jikina kamar sauran. Halinta ne, ko fuskata ta karanta?

Na tambayi ƙanwata muna wanke-wanke.

"Wallahi Yaya ban sani ba," ta ce. "A littattafanmu babu kunyar ɗan fari."

"To karatun me kuke yi? Kuka kawai kuke kallo?"

"Bari in kai tambayar aji. Ba zan ce ke ce ba."

Ta kai kuwa, ina bayan labule ina saurare. Malamar, wata dattijuwa mai tabarau, ta ce ba ta taɓa jin wannan al'ada ba. Na zaci hukunci za ta yanke, sai ga ta da tambayoyi. In uwar ta kaɗaita da jaririn, me take yi? Su wa suke ɗaukarsa in ta kau da kai?

Na zauna ina tunowa. Kakar 'yata ce take yi mata rawa, gwaggonninta suna rige-rigen goya ta. Ni kuma in mun shiga ɗaki, nakan zuba mata ido tana shan nono, in sumbaci tafin ƙafarta, in tofa mata addu'a. Da na ji takun surukata sai in haɗe fuska. Na faɗa wa ƙanwata duk wannan. Ta ce wataƙila fuskoki da yawa ta samu maimakon ɗaya.

"Wataƙila kika ce."

"To Yaya, ba ga ta nan a gidanki ba? Jami'a ba za ta san 'yarki fiye da ke ba."

A Islamiyya an karantar da mu yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake sumbatar jikokinsa a gaban mutane. Na sani, amma harshena ya saba. Na kwana biyu ina gwada sunan ni kaɗai a kicin, yana yi min nauyi kamar na baƙuwa.

Wata Asabar da hantsi 'yar tawa tana shanya kayan makarantarsu a igiya, ta ba ni baya. Na yi bisimilla a zuciyata, na kira ta da sunanta na yanka.

Ba ta juyo nan da nan ba. Ta duba ƙofar gida tukuna, ko wata ce ta shigo. Sannan ta dube ni, rigar ƙanenta tana ɗiga a hannunta.

"Umma, laifi na yi?"

"A'a. Kiran ki kawai na yi."

Ta matso kusa da ni.

"To sake faɗa in ji, Umma. Ban san yadda yake a bakinki ba."