Zanzaron da na rufe a cikin gam ɗin jirgi

Shekarun baya can, tun furfura ba ta kama ni ba, na yi wani aiki da har yau in na tuna sai in yi alfahari da shi, duk da ba wanda ya ce mini sannu.

Sana'ata liƙin jirgi ne a bakin ruwa, nan Yauri. In jirgin faiba, irin na roba mai taurin nan, ya tsage, ni ake kira in dama gam ɗin da muke ce wa rezin, in shimfiɗa zare, in shafe. 'Yan rumfar da muke zama a bakin ruwan ba su taɓa ɗaukata komai ba. Cewa suke bokon ban gama ba, kamun kifin ban iya ba, sai shafe-shafe.

Wata rana abokina na yarinta, mai shirya fina-finan da ake kallo a waya, ya same ni a rumfa ya nuna mini hoto. Wani abu ne kamar dunƙulen zuma, ana hangen ƙwaro a cikinsa.

"Ka san wanga abu?"

Na ce, "Alawa ce ƙwaro ya faɗa."

Ya ce ƙaron itace ne na zamanin da, ya zubo ya danne ƙwaro, ya daskare har ya zama kamar dutse. A fim ɗinsa shi ne gadon da 'ya'yan wani sarkin ruwa ke rikici a kai. Na gaskiya ba ya samuwa, don haka zai je Kano ya nemi mai yi masa na bogi.

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Kano ta mi? Ni zan yi maka."

Rumfa ta ɗauki dariya. Wani dattijo direban jirgi ya ce, "Kai da jirgin da ka liƙe mini ke yoyo har gobe?" Ƙarya yake, dutse ya sake hawa. Amma abokina bai yi dariya ba. Ya ce an riga an sa ranar ɗauka, in ya fasa tafiya Kano kuma na kasa, fim ya tsaya. Na ce ya fasa. Ya kuwa fasa. Daga nan magana ta zama ta mutuncina a gaban mutanen nan.

Zanzaro na zaɓa, saboda siririn ƙugun nan nasa zai fito da kyau. Na je madafar mahaifiyata inda yake gini, na kai masa tsumma, shi kuma ya kai mini a leɓe. Da kumburarren baki na fara aikin, ina magana kamar mai tauna dankali da zafi.

Na farko na jefa shi ɗanye cikin gam. Ya taso sama, wani farin hazo ya kewaye shi, sai ka ce ya yi amai. Na biyu na cika ruwan daskarwa don sauri, gam ya yi zafi ya dafa ƙwaron, ya tsage gida biyu. Launi kuma ya zama wata masifar. Na sa manja, ya ƙi daskarewa. Na sa ruwan shayi, ya guntse kamar nonon da ya lalace. Na shanya zanzaro a rana, kafin in dawo kiyashi sun bar mini fukafukai. Kullum na wuce rumfa sai direban nan ya ɗaga murya, "Malam na ƙwari, yaya kiwo?"

Inna tana kallona tana jera kifi a kan banda, don sana'arta ke nan tun kafin a haife ni.

Ta ce, "Allah shi shirye ka. Sa'o'inka na kawo ma iyayensu kifi, kai zanzaro kaka kawo min."

Na ce, "Inna, ruwan jikinsa ne ke ɓata mini aiki."

"To shi ɗin ya hi kifi ne? Duk abin da ke da ruwa a jiki banda aka yi mai. Miƙo nan, sakarai."

Na miƙa mata sababbin da na kamo, ta ɗora su a murfin gwangwani, ta ajiye can gefe inda ɗumi ke kaiwa amma wuta ba ta kaiwa, ta gyara musu ƙafafu da tsinke kamar mai yi wa jariri wanka. Suka bushe ƙayau, ba wanda ya karye. Ina tsugune ina jira sai idona ya kai kan ragar wayar da ake ɗora kifin banda, inda hayaƙin shekaru ya taru ya zama wani danƙo ja-ja baƙi-baƙi. Na kankaro kaɗan, na narkar da shi a tina, ruwan sirka fenti, na tace, na ɗiga a gam. Na ɗaga kofin a rana. Wallahi zuma sak.

Wannan karon ban yi gaggawa ba. Na zuba rabi, na jira ya yi kaurin koko, na kwantar da zanzaro a kai, na zuba sauran a hankali ta gefen kofi. Da ya daskare na bi shi da sanfefa, mai kaushi sannan mai laushi da ruwa, na goge da man goge baki har ina ganin fuskata. Har 'yan kumfa biyu-uku suka zauna kusa da fiffikensa, kamar numfashinsa na ƙarshe. Abokina ya karɓa ya juya shi, ya juya, sai ya cire hularsa ya sa shi a ciki.

Da fim ya fito, a rumfar nan aka kalla, kai da kai a kan waya ɗaya. Ɗan wasan ya ɗaga dutsen sama, rana ta ratsa shi, ga zanzarona a tsakiya. Na gyara tsayuwa ina jiran abin da na daɗe ina jira.

Sai direban ya ce, "Wanga ba aikin Yauri ba ne. Daga waje aka sayo shi."

Abokina ya rantse ni na yi. Suka ce rufa wa abokinsa asiri yake. Na koma gida ina huci, na ce wa Inna gobe a gabansu zan dama wani.

Ta ce, "Cewa suka yi bai yi kyau ba?"

"A'a. Cewa suka yi ya fi ƙarfina."

"To zauna ka ci tuwo."

Ban dama ba. Mutanen da suka san hannuna tun ina yaro, suka san warin gam ɗina, sun kalli abin da na yi da zanzaron madafa da dattin banda, sun kasa yarda a garin nan aka yi shi. Na gane ko a gabansu na yi, cewa za su yi sa'a ce. Har yau abin na yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Amma direban nan yana nan da ransa, kuma duk baƙon da ya sauka a rumfa sai ya buɗe masa fim ɗin, ya nuna dutsen da yatsa, ya ce a duba aikin mutanen waje. Ni kuma ina gefe ina dama gam, in ce, "Ƙwarai kuwa, Baba. Wanda ya yi wannan ya iya."