Ya Kellu Mai Awo da Irin Yusufari

Kafin rana ta yi zafi, Ya Kellu ta riga ta share rumfarta a layin 'yan hatsi na kasuwar Nguru, ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye mudunta. Ba ta da buhu ko ɗaya nata. Aikinta awo ne: mai hatsi ya kawo, mai saye ya zo, ita ta auna a tsakaninsu. Shekara talatin da ɗoriya ke nan. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aikin, don gwiwa ta ƙi, 'yarta za ta tafi da ita Machina.

Ba ta auna hatsin da ba ta tauna ba. Sai ta cusa hannu can cikin buhu, ta ɗebo na ƙasa, ta jefa 'yan ƙwayoyi a baki. Goro ma ba ta ci sai kasuwa ta tashi, wai kada ya ɓata mata harshe. Masu sauri sukan yi tsaki, ita ko a jikinta.

'Yan layin ba su manta da bazarar 1985 ba. Fari ya sa manoma sun cinye har irin shuka. Sai ga Celestine, wani ɗan kasuwa mai fara'a, ya sauke buhuna daga jirgin ƙasa, ƙwaya manya gwanin kyau. Mudi, wani magidanci daga wajen Yusufari, ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe don ya sayi iri. Yana gani ya ce a auna.

Ya Kellu ta tauna, ta dube shi.

"Ɗana, na tuwo ne ko na gona?"

"Na gona, Ya. Ki yi sauri, mota za ta tashi."

"To ba zan auna ba. Wannan maiwa ce ta kudu, ba gero ba. Kafin ta fid da kai, ruwanku ya ɗauke."

Celestine ya dafe ƙirji. "Haba Mama! Duka ba gero ba ne? Dubi kyau!"

"Kai ma ai kyakkyawa ne," in ji ta, "amma in an kai ka rairayin Yusufari, kwana nawa za ka yi?"

Layi ya kwashe da dariya, har da Celestine. Mudi dai bai yi ba. Idonsa ya ciko, don in bai koma da iri ba, babu damina a gidansa.

Ya Kellu ta dafa gwiwa ta miƙe, ta kewaya bayan rumfunan, ta dawo riƙe da hannun Fanne, wata tsohuwa daga Kumagannam. Ta san Fanne ta ɓoye geron gida a tulu ta liƙe bakinsa, ga shi jikokinta na fama da yunwa. Nan take ta ƙulla musu: Mudi ya sayi maiwar Celestine, ya ba Fanne mudu biyu a kan kowane ɗaya na geronta. Jikoki suka sami tuwo, Celestine ya yi ciniki, Mudi ya bi tsohuwa ya karɓo iri.

Da kaka, waɗanda suka sayi maiwar a wasu wurare suka shuka, kara ya fi mutum tsawo, kai babu. Mudi kuwa ya cika rumbu. Ya shigo kasuwa da dami a ka, ya dire a gabanta, ya tsaya a bakin rumfar.

"Kauce min," ta ce, "ka tare wa masu saye hanya."

Ke ce, Ya Kellu, mai mudun gaskiya. Ba ki taɓa riƙe fartanya a Yusufari ba, amma maƙwabtan Mudi daga rumbunsa suka ɗebi iri, har yau shi suke shukawa.

Mun gode, Ya. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya sa ki huta cikin jikoki. Ku kuma da za ku gaji rumfar, ku dubi mai saye ku san abin da ya kawo shi kafin ku cika mudu. Wani ba tuwon dare ya zo saya ba, shekararsa ce guda yake miƙo muku.