Madubin Bindigar Tattabaru

Na yi shekara uku ina aiki a wani siton shinkafa a Khumra, can kudancin Jidda. Kafilina, wato ubangidan da takarduna ke hannunsa, mai siton, ya san na karanta kimiyyar haske a jami'a a gida, shi ya sa yake kirana muhandis, wato injiniya. Ban taɓa tabbatarwa ko girmamawa ce ko zolaya ba.

Tattabaru ne suka dame shi. Sukan shigo ta ramukan kwano, su jeru a kan ƙarafan rufi, su ɓata buhuna da kashi. Ya sayi bindigar iska da takardunta, ya yi ta harbi yana kuskure, sai ya ce laifin idonsa ne da ya tsufa. Ya aike ni unguwar Sharafiyya in zaɓo masa darbil, madubin nan da ake ɗaura wa bindiga a sama.

Akwai abin da bai sani ba. Wani tsoho mutumin Damagaram yana zaune a cikin siton. Aikin Umara ya zo, ina jin tun ina yaro, bai koma ba, kuma ba shi da iƙama, wato takardar zama. Da basilla yake ɗinke buhunan da suka yage, leburori su ci abinci da shi. Ya yi wa kansa gurbi a saman tulin buhuna na can ƙarshe, dab da rufi, nan yake kwanciya da rana. Yakan watsa wa tattabarun tsabar shinkafa, don haka a daidai wurin suka fi taruwa. Baba muke ce masa duka.

Muna da tsari a siton. Idan motar kafili ko ta hukuma ta tsaya, mai gadi zai bugi ƙofar ƙarfe sau biyu. Marasa takarda ba sa gudu, don gudu ke tona mutum. Kowa ya sandare a inda bugun ya same shi. Baba ya fi kowa iya wannan, har numfashinsa yakan ɓata.

Na hau na same shi, na gaya masa maganar madubin, na roƙe shi ya sauya wurin kwanciya. Ya ce ƙasa ido ya yi yawa, waje kuma rana da 'yan sanda. Ya ci gaba da ɗinkinsa.

"Malam, shekara nawa ba wanda ya gan ni," in ji shi. "Kai ne za ka sa a gan ni?"

A shagon Sharafiyya mai kayan ya ajiye mini guda biyu. Na farko yana jawo abu har ninki tara. Na ɗaga shi na leƙa titi, sai ga maɓallin rigar wani mutum ya cika mini ido, da ɗan gicciyen nan baƙi a kansa. Ban ga fuskarsa ba, ban ga na kusa da shi ba. Na sauke da sauri kamar zai ji a jikinsa. Na biyun ninki ɗaya zuwa huɗu ne, ana iya kallo da shi ido biyu a buɗe, kuma yana ɗauko fili da yawa.

Daga ƙofar sito zuwa ƙarfen farko taku goma ne, zuwa ƙarshe wajen hamsin. A irin wannan tazara, abin da na karanta ya ce ƙaramin ne daidai. Amma da ƙaramin kafili zai ga tattabara, ya ga buhuna, ya ga Baba. Da babban kuwa tattabarar kaɗai zai gani, kuma ƙwayar dalmar da ta kuskure ba ta tambayar abin da ke bayan tsuntsu. Ba lalle ta kashe mutum ba daga nesa, amma tana iya tsiyaye ido. Na tsaya ina jujjuya su har mai shagon ya fara jan ƙofa don sallar la'asar. Na ɗauki ƙaramin. Har yau ban san ko don Baba na yi ba, ko don kada a ce muhandis ya yi zaɓen banza.

Na daidaita shi da harbin gwaji a kan kwali a bayan sito, na mayar wa kafili. Na sake yi wa Baba magana, bai ko ɗago kai ba.

Ranar Alhamis bayan azahar, ba sanarwa, na ji bugu biyu a ƙofa. Siton ya yi tsit, sai kukan tattabaru da haske da ke saukowa tsaye ta ramukan kwano. Kafili ya shigo da bindigar, ya miƙo mini.

"Yalla, maza, muhandis. Duba aikinka tukuna."

Na ɗaga na kai can ƙarshe. Ga tattabaru a jere. A ƙasansu kaɗan ga fuskar Baba, yana kwance a gefe ɗaya, idanunsa a buɗe. Wata tattabara tana takawa a kafaɗarsa. Bai ƙifta ba. Daga taku hamsin bai kamata ya iya ganin gilashin ba, amma cikinsa yake kallo kai tsaye. Na daɗe har na fara tunanin ko ya cika ne a kwance. Na ce da kafili madubin lafiya lau, na ba shi.

Ya fara daga hagu, yana bin ƙarafan a hankali. Da ya kai ƙarshe sai bakin bindigar ya tsaya. Ni yatsarsa kawai nake kallo. Ba zan iya cewa minti nawa aka yi ba. Can ya sauke ta, bai dube ni ba, ya tambaye ni tun yaushe tsohon yake nan. Na ce ban sani ba, kuma kusan gaskiya na faɗa.

"Halas," ya ce, wato shi ke nan. Ya fita, muka ji tashin motarsa.

Sai la'asar Baba ya sauko. Ya yi alwala, ya wuce ni, ya ce a hankali, "Ya gan ni, Malam." Ba faɗa a muryarsa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Washegari babu shi. Tabarmarsa tana gurbin a shimfiɗe. Mai gadi ya rantse bai buɗe wa kowa ƙofa ba, ko mai shiga ko mai fita. Kafili bai taɓa tayar da maganar ba, mako na zagayowa ya zo ya harbo tattabaru a daidai saman tulin nan, ni na kwashe su.

Na yi cigiya a unguwar Waziriyya wurin 'yan Nijar. Wani ya ce an gan shi a Makka, wani ya ce yana cikin waɗanda aka mayar gida, wani kuma ya ce bai taɓa jin mai irin wannan kama ba. Abin da zan iya shaida kawai shi ne, ranar da ya sauko, idanunsa biyu lafiyarsu ƙalau.