Tsohuwar Matakalar Kasuwa

A kasuwar garin Nish an ce wata tsohuwa na shirin shiga gasar tseren duniya. Ƙarya ce, ni na ƙirƙira! Aiki aka yi mata a ƙugu.

Kullum tana kan matakalar kasuwa da baƙin ɗankwali da takalmin maza, ina jin na marigayin mijinta ne. Ko barkono ba ta saya. Tana ɗaga ƙafa kamar buhun siminti, ta zagi matakalar, ta ƙara ɗagawa. Mai sayar da cuku ta ce ɗakinta yana hawa na huɗu na wani bene, in ta kasa hawa ɗanta zai kai ta gidan tsofaffi.

Na ce, "Kaka, in goya ki?"

Ta dubi tumbina. "Kai da ka huta sau biyu kafin ka cim mini? Matsa!"