Musayar Takalmi a Masallacin Unguwarmu

Ni mutum ne da idan na kulle shago sai na dawo na girgiza kwaɗon. Shi ya sa ranar da sabon takalmina ya ɓace a masallacin unguwarmu a Dutse, kaina na fara tuhuma: anya na zo da shi kuwa?

Na fata ne, a kasuwar Jahun na saya, ko ƙafa ba ta gama sabawa da shi ba. Da aka watse daga azahar, sai wani tsohon takalmi irinsa ya rage a ƙofa, dunduniya ta cinye. Ladan ya ce, "Malam, zura wannan ka tafi, ƙasa da zafi." Na zura, ina tafiya ina istigfari a kan kayan da ba nawa ba.

Washegari na ga nawa a ƙafar maƙwabcinmu, wani babban ma'aikaci a sakatariya. Na daɗe ina kokawa da zuciyata, don ina tsoron zato. Da aka idar na matsa kusa da shi.

"Yallaɓai, kamar an yi musaya jiya."

Ya dubi ƙafarsa, ya yi dariya. "Af, ankonshosli na sa shi."

Liman ya tambayi ma'ana. Maƙwabcin ya ce Turanci ne, wato ƙafa ce ta aikata, shi ba ya wurin. Mutane suka gyaɗa kai. Ni da na taɓa cewa "ban sani ba" a kan butar wani, sai da aka yi mini wa'azi. Ashe da Turanci abin ba ya kama mutum. Na kuma lura rashin sanin nan yana da ido, bai ɗauki tsoho ba.

Sai ya dubi ƙafata. "Kai fa, Malam, ka san nawa ne da ka sa?"

Ba na iya ƙarya. Na ce na san ba nawa ba ne.

"To kun ji. Shi da saninsa."

Ni ma na ga gaskiyarsa. Liman ya ce a yafi juna, maƙwabtaka ta fi fata. Na riga maƙwabcin neman gafara. Ya dafa kafaɗata ya ce ya yafe duniya da lahira, ya hau babur ɗinsa da takalmina. Ni kuma na biya wajen mai gyara a sa wa nasa dunduniya, kada ya ƙarasa lalacewa a hannuna.