Abokin Ɗakina Mai Yawan Tambaya

Shekarun baya, can cikin shekarun saba'in, na bar ƙauyenmu da ke kusa da garin Suki a ƙasar Sudan na tafi Hartum shiga jami'a. Ni ne na farko a danginmu da ya taɓa kaiwa can, don haka har waɗanda ba ma ga maciji da su sai da suka rako ni tasha. Kawuna ya ja ni gefe ya ce, "Ka san wuyar da muka sha kafin takardar jinsiyarka ta zama ɗan ƙasa ta fito. Kada ka kuskura wani ya ji Hausa a bakinka. Mutum ɗaya ya kai ƙara ya ce kai baƙo ne a ƙasar nan, shi ke nan, sai ka dawo tsinkar auduga." Ko gaskiya ce ko tsoro ne irin na manya, oho. Ni dai na haɗiye maganar ɗungurungum.

Karatun kuwa bai yi mini sallama ba. A sakandare da Larabci aka koyar da mu, na zo na tarar komai da Turanci ake yi. Malami zai shigo ya yi ta zuba kamar an buɗe ruwan gona, ya cika allo, kafin in kai rabi ya goge. A lissafi kaɗai nake samun numfashi. Kemistiri kam, wallahi har ciwon kai nake yi in na ga littafin. Ga doka, duk wanda ya faɗi jarrabawar ƙarshen shekara sai ya tattara nasa ya nasa.

A ɗakin kwana aka haɗa ni da wani dogon saurayi mai fara'a, Larabcinsa tas, ya ce shi mutumin Madani ne. Tun makon farko na sa masa ido, saboda tambayarsa ta yi yawa. Da ya ce "ya zol", wato "kai mutumina" a Larabcin can, sai tambaya ta biyo.

"Ya zol, Sukin taku, cikin gari kuke ko bakin kogi? Babanka noma yake yi? Da wane yare kuke hira a gida?"

Na ce, "Larabci mana, da wane za mu yi?" Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Wata rana na dawo daga aji na same shi sunkuye a kan jakata, inda nake ɓoye yajin daddawar da mahaifiyata ta daka mini, wanda nake barbaɗa wa wake a ɓoye. Ya ɗago a kunyace ya ce ƙamshi ya ji. Na ce a raina, ƙamshin ubanka. Lokacin ana ta raɗe-raɗin akwai masu kai rahoto cikin ɗalibai, sai na yanke hukunci: ga nawa nan an ajiye mini har ɗaki.

Daga nan komai ya yi laifi ne. Ya yi dariya, na ce ya gano wani abu. Ya yi shiru, na ce yana haddacewa. Ya taɓa sayo mini shayi, na faki idonsa na zubar a bayan taga, na tsaya ina kallon kiyashi suna sha ko za su mutu. Ƙiba ma suka yi.

Ya sha ce mini, "Lissafin nan zai kashe ni. Ka koya mini, ni kuma in koya maka kemistiri." Ni kuwa na ce tarko ne, so yake mu saba in saki baki. Sai in kwashi littattafaina in tafi ƙarƙashin wata darbejiya ni kaɗai, in yi ta haddar abin da ban gane ba. Na rame, idanuna suka faɗa, gwaji bayan gwaji ina shan ƙasa.

Saura 'yan makonni jarrabawa, mahaifina ya zo Hartum ganin likitan ido, ba tare da ya aiko ba. Muna zaune da hantsi sai na ji muryarsa a bakin ƙofa, da Hausa raɗau: "Salamu alaikum, masu ɗaki!"

Na miƙe na sandare. A wurinmu ba a gaida babba a tsaye, sai ka tuɓe takalmi ka durƙusa. Mutanen can kuwa a tsaye suke dafa kafaɗa su yi musafaha. In na durƙusa na tona kaina, in na tsaya na ci mutuncin ubana. Ina cikin wannan saƙa da warwarar sai na ji motsi a gefena. Abokin ɗakina ya riga ya zame takalmansa, gwiwa a ƙasa, kai a sunkuye, yana gaisuwa da Hausa tsantsa.

"Baba, sannu da hanya. An zo lafiya? Ya aka baro mutanen gida?"

Sai da ya gama sannan ya farga. Ya ɗago ya dube ni kamar wanda aka kama da hannu cikin tukunya.

Mahaifina ya ce, "Madalla, Allah shi yi albarka. Yaro, kai ɗan ina na?"

"Wajen garin Hajj Abdalla, Baba, can yankin Madani."

Sannan tsohon ya juyo ya kalle ni daga sama har ƙasa. "Kai kuma gwiwarka ciwo take?"

Bayan mun raka shi, abokina ya ce, "Tun ranar daddawar nan na gane ka. Amma na ce wa ya sani, mutumin da ba ya dariya, ƙila shi ne mai kai rahoton." Ashe shi ma yayansa ya ja masa kunne irin yadda kawuna ya ja mini. Muka yi dariya har da hawaye.

Muka rufe ƙofa muka duƙufa. Ya riƙa fayyace mini kemistiri da Hausa, abin ya shiga kaina tamkar dama jira yake. Ni ma na zage a kan nasa, amma lissafi gini ne, ba a fara shi daga rufi. Lokaci ya ƙure mana. Sakamako ya fito, na tsallake da ƙyar, shi kuwa lissafi ya kayar da shi, aka sallame shi.

Na ɗaukar masa akwati har tasha. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, ya tare ni. "Kalas, bar shi, rabo ne. Kai dai ka riƙe mana wurin da kyau."

Har na gama jami'a ba wanda ya taɓa tambayata takardar jinsiya. Abokina yana nan da ransa, yana noma gonar mahaifinsa, ya tara jikoki, muna zumunci, kuma bai taɓa tayar mini da maganar ba ko da wasa. Ni ne dai abin ke ci. Na gane tsoro in ya yi yawa ba ya tsare mutum, masoyinsa kawai yake kora. Aikin koyar da lissafi na yi har na yi ritaya, 'ya'yan mutane da ban san adadinsu ba sun bi ta hannuna. Shi ne mutum na farko da ya taɓa roƙona in koya masa, shi kaɗai kuma na taɓa hanawa.